Yadda ake zaɓar hanyar gudu a gonakin inabi gwargwadon ƙarfin jiki

Gonar inabi tana ruɗin mai gudu. Daga nesa za ka hango layuka a jere, hanyoyi a share, ka ɗauka ko'ina shimfiɗe yake. Amma manoma da yawa a jikin tudu suke dasa inabi, a gefen da rana ta fi bugawa, domin itacen ba ya son ƙasar da ruwa ke kwanciya a cikinta. Abin da ke jiranka ke nan: hawa, da tsakuwa, da rashin inuwa. Saboda haka kafin ka tambayi tsawon hanya, fara tambayar yawan hawan da ke cikinta da irin ƙasar da za ka taka.

Masu gudun tsaunuka suna da lissafi mai sauƙi. Kowace mita 100 ta hawa suna ɗaukarta kamar ƙarin kilomita ɗaya a fili. Hanyar kilomita 8 mai hawan mita 300, nauyinta a jiki ya kai na kilomita 11. Manhajar taswira a waya tana nuna jimillar hawan, a taswirar takarda kuma layukan tsayi ne jagora: inda suka matse da juna, tudun ya miƙe ƙwarai.

Hanyoyi iri uku

Akwai hanyar gindin tudu, yawanci kwalta ko kankare, wadda motoci da taraktoci ke bi. Akwai hanyoyin da suka zagaye tudun kamar ɗamara, inda tarakta ke juyawa a ƙarshen layi. Waɗannan kusan a kwance suke. Sai waɗanda suka haura tudun kai tsaye. A wurare da yawa layukan inabi daga sama zuwa ƙasa suke tafiya, don haka hanyar da ta jera da layuka hawa ce, wadda ta gitta su kuwa mai sauƙi ce. Inda aka yanka tudu hawa-hawa da katangun dutse, kamar kwarin Douro a Fotugal ko Lavaux a Suwizalan, sau da yawa abin juyawa yake yi: layukan su bi kwance, matakalar dutse ta haɗa wani hawa da wani.

Sabon shiga

Tsaya a hanyar gindin tudu, ko ɗamara ta farko. Kilomita 3 zuwa 5 ya isa, hawa kada ya wuce mita 50. Yi sassarfa na minti biyu, ka taka na minti ɗaya, ka riƙa maimaitawa har minti 25 ko 30, sau uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Ma'aunin saurinka bakinka ne: in ba za ka iya faɗin jimla guda ba tare da haki ya katse ta ba, rage gudu.

Ka je ka dawo ta hanya ɗaya, kada ka yi zagaye. Gonakin inabi kama suke da juna matuƙa, mahaɗa ta uku da ta biyar ba su da bambanci a idon baƙo, kuma kuskuren kwana ɗaya yana iya ƙara maka kilomita biyu na hawa lokacin da ƙarfi ya ƙare. Fara ta ɓangaren da ke ɗan haurawa, domin dawowa ta zama gangara.

Wanda ya ɗan saba

Idan kana iya gudun minti 40 ba tsayawa, zagayen kilomita 8 zuwa 12 mai hawan mita 150 zuwa 300 ya dace da kai. Ɗumama jiki na minti 10 zuwa 15 a ƙasa, ka yi hawa guda mai tsawo, ka bi ɗamara ta sama, sannan ka sauko ta hanyar da ta fi sassauci ko da ta fi nisa.

Hanyar ɗamara tana da wata illa da ba a cika lura da ita ba. A tsawonta kwance take, amma a faɗinta ta karkata wajen kwari don ruwa ya zurare. Ƙafarka ɗaya kullum tana ƙasa da ɗayar, kuma bayan 'yan makonni sai gefen gwiwa ko ƙugu ya fara ciwo. Maganinsa shi ne sauya alƙibla: yau ka zagaya ta dama, fita ta gaba ta hagu.

Sau ɗaya a mako ka nemi hawa mai matsakaicin miƙewa, kamar kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari, wato tashin mita 6 zuwa 8 a kowace mita 100. Haura da ƙarfi na daƙiƙa 60 zuwa 90, ka sauko da tafiya, sau shida. Gajarta taku, ka ɗan karkata gaba tun daga idon sawu, kada ka lanƙwashe ƙugu.

Gogagge

Kilomita 15 zuwa 25, hawan mita 600 zuwa 1,000, ana haɗa tudu biyu ko uku. Da zarar miƙewar ta wuce kashi 20 cikin ɗari, tafiyar sauri da hannaye a kan cinya ta fi gudu riba, domin saurin kusan ɗaya ne amma numfashi ya fi daidaita. Wasu wuraren ma ba na gudu ba ne sam. Tudun Calmont da ke bakin kogin Mosel a Jamus ya kai kusan digiri 65 a miƙewa, kuma hanyar da ta ratsa shi tana da tsani da igiyar ƙarfe ta riƙewa.

Gangara ita ke karya gogagge, ba hawa ba. A kowane taku naman gaban cinya ne ke taka birki, ciwon kuma ba ya bayyana sosai sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. Wanda ya jingina baya ya miƙa diddige gaba, shi ne tsakuwa ke kwashewa. Yi gajeren taku mai sauri, ƙafa ta sauka a ƙarƙashin jiki, ido kuma ya kasance mita uku ko huɗu a gaba. Fili ma yana da tasa wahalar: gudun famfalaƙi na Médoc a Faransa, wanda aka fara a 1985 kuma ake yi a watan Satumba, ba shi da manyan tuddai, amma kilomita 42 ne da 'yan kai, da dama daga ciki a kan tsakuwa da turɓaya, cikin rana.

Ƙasa, takalmi da ruwa

A kwalta da busasshiyar tsakuwa, takalmin gudu na yau da kullum ya wadatar. A yumɓu bayan ruwan sama, laka tana manne wa tafin takalmi har ya yi nauyi ya daina kama ƙasa. A nan sai mai haƙora na milimita 5 zuwa 6. Falalen dutse mai santsi irin na Mosel yana zamewa idan raɓa ta jiƙa shi, manyan duwatsu masu mulmule kuwa su ne ke jawo targaɗe.

Itacen inabi gajere ne, ba ya ba da inuwa, duwatsun ƙarƙashinsa kuma suna riƙe zafi har yamma. A lokacin zafi ka fita da sassafe ka gama kafin rana ta take. Duk fitar da za ta wuce minti 45, ɗauki ruwa, kamar rabin lita ga kowace awa, ka ƙara idan kana yawan gumi, domin da wuya ka tarar da famfo a tsakiyar gonaki. Jiri, ko ciwon kai, ko tashin zuciya, ko tsigar jiki ta tashi alhali ana zafi, duk alamu ne na tsayawa nan take a nemi inuwa a jiƙa jiki.

Wurin aikin wani ne

Kada ka shiga tsakanin layuka, ko da ba shinge. A ƙarshen kowane layi akwai waya da aka ɗaure daga dirka zuwa turke a ƙasa, siririya ce, ba ta ganuwa da asuba, ita ce ke harɗe ƙafa. Akwai kuma tiyon ban-ruwa da ke fashewa idan an taka, da shingen lantarki na korar namun daji. Babban dalilin kuwa shi ne ɗan ƙwaron nan filoksera mai cin saiwa, wanda ya halaka yawancin gonakin inabin Turai a ƙarshen ƙarni na 19. Yana bin ƙasar da ta manne a takalmi, shi ya sa jihar Ostireliya ta Kudu, inda bai shiga ba, take gargaɗin baƙi da kada su taka cikin gonaki. In za ka sauya yanki, wanke tafin takalminka tas.

Daga fitowar ganye har kusan girbi ana feshin farar wuta da maganin jan ƙarfe da wasu magunguna don kare ganye daga ruɓa, sau da yawa duk mako ɗaya zuwa biyu. A Faransa doka ta hana ma'aikata komawa cikin gonar da aka fesa sai bayan awa 6, ko 24, ko 48, gwargwadon ƙarfin maganin. Idan ka hango tarakta tana feshi, duba inda iska ta nufa ka bi ta gefen da take fitowa, ko ka juya. Mai gudu yana shaƙar iska ninkin-ba-ninkin na mai tafiya.

Girbi yana kamawa daga Agusta zuwa Oktoba a arewacin duniya, a kudanci kuma, kamar Afirka ta Kudu da Chile, wajen Fabrairu zuwa Afrilu. A makonnin nan injinan girbi kan yi aiki da dare da asuba, taraktoci na jan kaya a ƙananan hanyoyi, rina da ƙudan zuma kuma suna taruwa a kan nunannun 'ya'ya. Sa riga mai ɗaukar ido, cire abin sauraren kiɗa daga kunne, in ka ji ƙarar inji ka ratse gefen tudu, ka tsaya har direban ya gan ka ya wuce.