Yadda ake rubuta wa U-Boot direba, a kuma riƙe shi

Ƙannena masu ɗora Linux a kan ƙananan bod irin Orange Pi da BeagleBone a nan Katsina, wannan naku ne. Kafin Linux ya farka, akwai ƙaramar manhajar da ke tada RAM, ta karanta katin SD, ta ɗauko shi ta miƙa masa ragama. Ita ce butloda, kuma wadda ta fi yaɗuwa U-Boot ce, wadda Wolfgang Denk na Jamus ya yi renonta, ta samu wannan suna a 2002.

Direba shi ne ɗan guntun manhajar da ke koya wa U-Boot magana da wata na'ura ta kan bod. Kada ka rubuta ko layi ɗaya sai UART, wato hanyar da bod ke aiko rubutu zuwa kwamfutarka, ta yi magana. Nemi kebul na USB zuwa siriyal mai bolt 3.3, domin mai 5 na iya ƙona maka ƙafar cif. TX zuwa RX, RX zuwa TX, GND da GND, gudu 115200. Ka kunna CONFIG_DEBUG_UART, don ka ga rubutu tun kafin sauran direbobi su tashi.

Sannan leƙa jakar drivers. Sau da yawa wani ya riga ka, layin compatible, wato sunan da ke haɗa direba da na'urarsa, kawai za ka ƙara.

In babu, sai ka bi tsarin da Simon Glass ya shigo da shi a 2014: kowace na'ura tana da ajinta, wato uclass, I2C (layin magana tsakanin cif da cif) daban, MMC (na katin SD) daban. A cikin U_BOOT_DRIVER za ka sa suna, aji, of_match da zai dace da bishiyar na'urori (fayil ɗin da ke lissafa na'urorin da ke kan bod), da ops (ayyukan da direban zai iya yi), da probe (aikin da ke tada na'urar). Nan ne nake ganin yara suna ruɗewa. U-Boot ba ta kiran probe sai an buƙaci na'urar. Buga dm tree: in sunan direbanka ya fito ba alamar + a gefensa, an san da shi, ba a dai taɓa shi ba. In bai fito ba sam, duba compatible da Kconfig, inda ake zaɓen direbobin da za a gina.

Cikin probe, kunna agogon na'urar tukuna, sannan reset, sannan ƙafafun cif, kafin ka taɓa rajista, wato wuraren da ake ba na'ura umarni a kuma karanta amsarta, da readl da writel.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne jira. A butloda yawanci tambayar rajista ake ta yi har ta amsa. To, in ba ta amsa ba fa? Ka ɗauka bod ɗin na kula da famfon sola ne a wani ƙauye bayan Daura, batir ya yi ƙasa, cif ya yi shiru. Na'urar ta sandare ke nan, sai wani ya hau mashin ya je ya kashe ya kunna, mutane kuwa ba ruwa. Don Allah duk jiran da ka rubuta, ka yi masa iyaka da get_timer, ya dawo da -ETIMEDOUT. In kuma da DMA, wato na'urar na kai bayanai RAM ko ɗaukowa da kanta, kada ka manta flush_dcache_range kafin aikawa, invalidate_dcache_range kafin karantawa.

Direban da zai shiga SPL, wato ƙaramin kashin U-Boot da ke fara tashi ya tada RAM, ya zama ɗan mitsitsi. A cif ɗin Allwinner H3 wurin bai wuce kilobayit 32 ba. Sa masa bootph-pre-ram a bishiyar, in ba haka ba za a tsame shi.

Riƙon ma aiki ne. Sau huɗu a shekara ake fitar da sabuwar U-Boot: Janairu, Afrilu, Yuli, Oktoba. Direban da ka ɓoye a kwamfutarka zai wayi gari ya ƙi haɗuwa da sabuwar. Tace shi da checkpatch.pl, gina da buildman, get_maintainer.pl ya nuna maka wa za ka tura wa. In ya shiga cikin U-Boot ta kowa, duk mai sauya tsari zai gyara har da naka. Kafin ka tura, gwada shi da yanke wuta akai-akai, da sanyin asuba da kuma tsakar rana, kana da katin SD mai tsohuwar butloda a ajiye.