Babi na Shida: Kama Tashoshin Gida Ga Mai Farantin Tauraron Ɗan'adam

Mutum zai ɗaura faranti a kan rufi, ya kunna talabijin, ya ga tashoshi ɗari biyu na ƙasashen da bai taɓa takawa ba. Sai ya nemi tashar yankinsa, wadda take karanta labarai da sanarwar da suka shafe shi, ya rasa. Daga nan a fara zargin mai haɗawa, ko a ce dikodar jabu ce. Sau da yawa babu laifin kowa. Faranti ba ya kama komai sai abin da aka aika wa tauraron da yake kallo. In tashar yankinku ba ta aika shirinta can ba, ko da farantin ya kai girman ɗaki ba za ta fito ba.

Hanyoyi biyu da hoto yake bi

Tashar gida tana da hasumiyar watsa shirye-shirye, kuma siginarta a kan doron ƙasa take tafiya. Nisan da take kaiwa ya danganta da ƙarfin na'urarta, da tsawon hasumiyar, da duwatsu ko gine-ginen da ke tsakani. Eriya ce take kama irin wannan sigina. Sigina tana da zanguna, kamar mitocin rediyo, ana auna su da megahaz. Yawancin ta eriya tana cikin zangon da ake kira UHF, daga megahaz 470 zuwa sama.

Tauraron talabijin kuwa yana can kilomita 35,786 a sama, daidai kan layin ikwaita da ya raba duniya biyu. Yana kewaya duniya sau ɗaya a kwana ɗaya, tafiyarsa ta zo daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa daga nan ƙasa kamar a tsaye yake, kuma shi ya sa ake ɗaure faranti wuri ɗaya a bar shi. Kowane tauraro yana da mazauninsa da ake faɗa da digiri: Nilesat yana digiri 7 yamma, Hot Bird 13 gabas, Astra 19.2 gabas, Intelsat 20 kuma 68.5 gabas. Faranti ɗaya mai kai ɗaya, wato na'urar nan da ke tsaye a gabansa, tauraro ɗaya yake gani, ko waɗanda suke mazauni ɗaya.

Saboda haka tashar gida tana iya kasancewa a ɗaya daga hali uku. Ko dai kamfanin tauraron da kuke biya ya ɗauke ta ya sa cikin jerinsa. Ko tana kan wani tauraro kyauta, ba kulle ba kati. Ko kuma ba ta sama ko kaɗan, sai ta eriya. Kafin ku sayi ko ƙusa ɗaya, ku san wanne ne halin tasharku. Ku nemi jerin tashoshin kamfanin a rubuce, ku duba sunan tashar da idonku, ku duba kuma ko tana cikin kunshin da kuɗinku zai iya. Wani lokaci sunan gidan talabijin ɗin yana nan, amma shirin babbar hedikwata ake kawowa, na reshen yankinku babu. Wannan ya yaudari mutane da yawa.

Akwai wani abu kuma. Wasu taurarin suna haska ƙaramin yanki kawai, kamar yadda cocila take haska wuri guda a cikin duhu, don kowane yanki ya sami tashoshinsa. A irin wannan tsari adireshin da aka yi wa katin dikoda rajista da shi ne yake buɗe tashoshin gida. A Amurka, alal misali, dokar 1999 ce ta ba kamfanonin tauraro damar kai wa kowane yanki tashoshinsa. Wanda ya ƙaura bai gyara adireshi wurin kamfani ba, yana iya wayar gari tashoshin gidansa sun ɓace.

Idan tashar tana kan tauraro

Siginar tauraro tana zuwa a zangon da ake kira Ku ko wanda ake kira C. Ƙananan faranta, masu faɗin santimita 60 zuwa 90, na zangon Ku ne. Wanda yake gefen yankin da tauraron yake haskawa yana buƙatar mafi girma, kamar mita 1.2. Tashoshin da ke zangon C kuwa sai babban faranti, mita 1.8 ko fiye, da kai irin nasa. Kan Ku ba ya kama C, na C ba ya kama Ku.

Kan nan da ke tsaye a gaban faranti shi ake kira LNB. Farantin madubi ne kawai, yana tattara siginar ya zuba masa. Shi kuma LNB yana ƙara mata ƙarfi, ya sauko da ita zuwa tsakanin megahaz 950 da 2150 don ta iya bin waya. Wutar da yake aiki da ita daga dikoda take zuwa ta cikin wannan wayar: volt 13 don siginar tsaye mai alamar V, volt 18 don ta kwance mai alamar H. Ku riƙe wannan da kyau, domin matsaloli da yawa daga nan suke tasowa. Kullum a kashe dikoda daga soket kafin a ɗaura ko a kwance waya.

Wuri shi ne farko. Wanda yake arewa da ikwaita farantinsa ɓangaren kudu zai kalla, na kudu kuma arewa, tare da karkata gabas ko yamma gwargwadon inda tauraron yake. Kada bishiya ko bango su tare hanya. In tauraron yana digiri 45 a sama, bishiya mai tsawon mita 5 fiye da farantin dole ta yi nisan fiye da mita 5. In digiri 30 ne, sai kusan mita 9. Ku tuna bishiya tana girma, kuma ganye jiƙaƙƙe ya fi busasshe tare sigina.

Ƙarfen da farantin zai zauna a kai ya miƙe cak. A gwada shi da ma'aunin magina ta gaba da ta gefe. In ya karkata, lambobin digirin da aka zana a bayan farantin sun zama ƙarya, sai a yini ana juyawa ba a sami komai ba.

Daga nan a shiga wurin saiti a dikoda. A zaɓi sunan tauraron. A gurbin LNB, ga kan Ku na gama-gari a sa lambobin 9750 da 10600, ga na C a sa 5150. Sai a shigar da bayanan tashar guda uku: lambar zango mai suna Frequency, harafin V ko H, da lambar saurin alama mai suna Symbol Rate, irin su 27500. Gidan talabijin ɗin ko kamfanin ne za su ba ku waɗannan. Lamba ɗaya ta kuskure, babu hoto.

Allon zai nuna sanduna biyu, kuma a nan ne sabon hannu yake ruɗewa. Ta farko, mai suna Strength, ƙarfi take nunawa. Tana iya kaiwa 70 ko 80 alhali farantin bango yake kallo, domin abin da take faɗa kawai shi ne LNB yana samun wuta. Ta biyu, mai suna Quality, ita ce ta inganci, kuma ita ce abin nema. A saita yadda farantin zai ɗaga sama bisa digirin wurinku, a bar notocin da ɗan sako-sako, a tsaya ta bayan farantin don kada jiki ya tare shi, a riƙa juya shi gefe kaɗan-kaɗan, kamar faɗin ɗan yatsa, ana tsayawa daƙiƙa huɗu ko biyar kowane motsi. Dikoda tana da jinkirin amsawa, mai gaggawa zai wuce tauraron bai sani ba, don kuskuren digiri biyu ya isa ya ɓatar da shi. Da sandar inganci ta motsa, a tsaya. A ɗan ɗaga, a ɗan sauke, har ta kai iyakarta. Sai a murɗa LNB a cikin zobensa hagu ko dama, a ga inda ta fi hawa. Wurin ɗaure notoci a bi su bi-da-bi, kowane a ɗan ƙara masa, ido na kan allo, domin ɗaure gefe ɗaya tamau yana janye farantin. Daga ƙarshe a sa dikodar ta nemo tashoshi.

Waya da bakinta

A yi amfani da wayar RG6, kuma mai jan ƙarfe zalla a tsakiya ta fi mai baƙin ƙarfe da aka shafa wa jan ƙarfe, musamman in tafiyar da nisa. Idan tsawon ya doshi mita 40 zuwa 50, sigina takan fara raguwa sosai.

Wurin sa bakin F mai murɗawa, a fere baƙar fatar waje kamar santimita ɗaya da rabi, a lanƙwasa siraran zaren ƙarfen baya, a fere farar robar ciki a bar kaɗan, sannan a murɗa bakin har tsinin tsakiya ya leƙo milimita 2 ko 3. Yanzu a ɗaga shi wajen haske a duba sosai. Zare ɗaya, siriri kamar gashi, in ya taɓa tsinin tsakiya ya haɗa wuta ke nan. Dikoda za ta rubuta LNB short, ko sandunan biyu su faɗi ƙasa, wata dikodar ma ta ƙone. Bakin da ke waje a naɗe shi da tef mai hana ruwa. Kafin wayar ta shiga bango a bar ta ta ɗan yi lilo ƙasa sannan ta hau, don ruwan sama ya ɗiga a nan maimakon ya bi ta zuwa cikin ɗaki.

Idan tashar sai ta eriya

Wannan ba abin damuwa ba ne, kuma yana da ribarsa: ranar da hadari ya rufe tauraro, ko kuɗin wata ya ƙare, tashoshin eriya na kyauta suna nan.

A fara duba talabijin ɗin. Ƙasashe da yawa sun bar tsohon tsarin analog sun koma na dijital. A Afirka da Turai tsarin DVB-T2 ne ya fi yawa, a Amurka ATSC. In akwai wannan rubutu a bayan talabijin ko a takardarsa, eriya kawai ake buƙata. In babu, sai ƙaramar dikodar eriya, ko dikoda mai baki biyu da aka rubuta wa S2 da T2, wadda take karɓar faranti da eriya duka a rimot ɗaya.

Eriyar waje mai haƙarƙari ta fi ta ɗaki nesa ba kusa ba. Gefen gajerun sanduna shi ke kallon hasumiyar tasha. Sandunan su kwanta ko su tsaya daidai da yadda tashar take watsawa, kuma eriyoyin maƙwabta masu hoto mai kyau za su nuna muku. Tsayi yana taimakawa ƙwarai, amma a yi nesa da wayoyin lantarki, nisan da ko ƙarfen ya faɗi ba zai taɓa su ba, kuma kada a hau rufi ana walƙiya. Na'urar ƙara ƙarfi tana da amfani ga na nesa. Ga wanda yake kusa da hasumiya tana iya cika siginar har hoton ya lalace.

Mafi sauƙi shi ne waya biyu, ta faranti zuwa dikoda, ta eriya zuwa talabijin, a riƙa sauyawa da maɓallin Source. In ba a son huda bango sau biyu, akwai ƙaramar na'ura mai suna difileksa, mai baki uku. Tana iya haɗa su a waya ɗaya saboda siginar eriya tana ƙasa da megahaz 862, ta faranti kuma daga 950 take farawa, ba sa cin karo. Guda biyu ake saya. Ta waje tana haɗawa: faranti a bakin SAT, eriya a bakin ANT. Ta ciki tana rabawa: SAT zuwa dikoda, ANT zuwa talabijin. In aka juya bakunan, wuta ba za ta kai LNB ba. Sai dai wasu sababbin kawuna na kamfanoni suna sauko da sigina cikin zangon eriya, kuma da su difileksa ba ta aiki, don haka a tambayi kamfanin tukuna.

Kada a ɗauki mai raba waya na gama-gari a matsayin difileksa. Haka kuma kada a raba wayar LNB ɗaya wa dikoda biyu: ɗaya tana neman volt 13, ɗaya 18, sai rabin tashoshin su ɓace wa ɗaya. Maganinsa LNB mai baki biyu, kowace dikoda da wayarta.

Abin da alamu suke faɗa

Hoto yana tsinkewa lokacin ruwa mai ƙarfi ya dawo da kansa: ɗabi'ar zangon Ku ce. Amma in yayyafi ma yana ɗauke shi, saitin bai cika ba ko farantin ya yi ƙanƙanta. Tashoshin V suna nan na H babu, ko akasin haka: a duba baki mai tsatsa, ko waya mai ruwa a ciki, ko LNB da ya gaji. Tasha ɗaya ce ta ɓace sauran lafiya: wataƙila ta sauya lamba, a nemo sabuwar a sake bincike, kada a taɓa farantin. An rubuta Scrambled: siginar tana zuwa, kulle ne, maganar kati ce ko kuɗi. Komai ya ɗauke bayan iska: farantin ya goce, ko noti ya saki. Wajen watan Maris da kuma Satumba zuwa Oktoba, hoto yakan ɗauke na 'yan mintuna da rana kwanaki kaɗan a jere, lokacin da rana ta daidaita a bayan tauraron. Wannan yana wucewa da kansa.

Aikin gwaji

Ku rubuta sunayen tashoshin gida uku da kuke so. A gaban kowace ku rubuta inda take: cikin kunshin kamfani, kan tauraro kyauta, ko eriya. Sannan ku yanki guntun wayar RG6, ku sa mata bakin F, ku miƙa wa na kusa da ku ya duba ko akwai zaren da ya taɓa tsinin tsakiya.