Kurakuran da aka fi yi game da mawallafan kiɗan zamanin Barok

Kuskuren farko da masu sauraron kiɗan gargajiya na Turai ke yi shi ne cusa kowane tsohon makaɗi cikin zamanin Barok, alhali zamanin ya fara ne a wajen shekarar 1600, ya ƙare a wajen 1750, shekarar da Johann Sebastian Bach ya rasu. An haifi Mozart a 1756, Beethoven kuma a 1770, saboda haka ba sa cikinsa. Gyaran mai sauƙi ne: a duba shekarar haihuwa kafin a yanke hukunci.

Kuskuren da ya fi wannan nauyi shi ne ɗaukar waɗannan mutane tamkar masu zaman kansu da ke tsara abin da ransu ya so. Yawancinsu ma'aikata ne a ƙarƙashin sarakuna ko coci, kusan kamar makaɗan fada a ƙasar Hausa, kuma uban gida ne ke faɗin abin da za a tsara da ranar da yake buƙatarsa. A 1717, da Bach ya matsa wa mai mulkin Weimar ta Jamus lamba a sallame shi ya koma fadar Köthen, sai aka tsare shi kusan wata guda. Ko aikin da ya samu a Leipzig a 1723 ba shi aka fara nema ba. Wani mawallafin kiɗa mai suna Telemann aka so, shi kuwa ya ƙi. A zamaninsa an fi sanin Bach da gwanintar kaɗa ogan, wato babban kayan kiɗan coci mai bututai, kuma sai da wani mawallafi, Mendelssohn, ya sake gabatar da babban kiɗan coci na Bach a Berlin a 1829 sunansa ya ɗaukaka sosai. Vivaldi ma, mawallafi ɗan Italiya wanda limamin Katolika ne, ya daɗe yana koyar da 'yan mata marayu a Venice, ya kuma mutu a Vienna a 1741 cikin talauci. Duk wanda yake son fahimtar wani kiɗa daga wannan zamani, ya fara da tambayar wane ne ya biya kuɗinsa, kuma don wace hidima aka tsara shi.

Akwai kuma masu zaton Handel, wani babban mawallafin zamanin, Ba'ingile ne tun asali. A Halle ta Jamus aka haife shi a 1685, shekara ɗaya da Bach, sai a 1727 ya zama ɗan Birtaniya, kuma su biyun ba su taɓa haɗuwa ba.

Sunan da ke jikin faifai ma ba kullum yake zama hujja ba. Wani kiɗa mai sanyi da ake jingina wa Albinoni, mawallafin zamanin Barok, a 1958 aka wallafa shi, kuma Remo Giazotto, wani masanin kiɗa ɗan Italiya, shi ne ya tsara shi. Haka nan, idan aka ga sunan Bach shi kaɗai, a tantance wanne ake nufi, domin 'ya'yansa Carl Philipp Emanuel da Johann Christian su ma shahararrun mawallafa ne, salonsu kuwa ya bambanta da na mahaifinsu.