Waƙafi ko ɗigo? Ku duba kafin ku tura kuɗi waje

Jama'a, idan takardar farashi ta zo muku daga ƙasar waje, ku fara duba alamar ƙarshe a jikin lambar.
In akwai waƙafi da ɗigo duka a lambar, ta ƙarshen ce ke raba cikakken kuɗi da canji.

A Amurka da Ingila ana rubuta 1,250.75.
A Jamus da Italiya kuwa 1.250,75 za ku gani.
Kuɗi ɗaya ne, al'adar rubutu ce ta bambanta. Alamar farko tana tara dubbai ne kawai, shi ya sa dabarar ke aiki.

Amma fa tana da iyaka.
In alama ɗaya ce tak, da lambobi uku a bayanta, kamar 2.500, kada ku yi hasashe. Bajamushe na nufin dubu biyu da ɗari biyar. A Kuwait kuma dinari biyu da rabi ne, domin dinarinsu fils 1000 ne (fils kamar kwabo yake a wurinsu).

Na taɓa kusan biyan kuɗin da bai kamata ba a nan, gabana sai da ya faɗi.
Yanzu cewa nake a rubuto min adadin da kalmomi.

Indiya ma a kula: 1,00,000 dubu ɗari ne, lakh ɗaya a wurinsu.