Kurakuran da sababbin masu bibiyar sinuka ke maimaitawa game da kakar wasa

Duk shekara, da zarar Afrilu ya kama aka fara gasar duniya a Sheffield, sai sababbin masu kallon sinuka (snooker, wasan buga ƙwallaye da sanda a kan tebur) su ɓullo, kuma tambayoyin bara su ne dai na bana. Wa ke jan ragamar lig ɗin? Maki nawa ya rage masa? Me ya sa wane ya ɗauki kofi amma matsayinsa bai motsa ba? Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Kusan duk ruɗanin daga wuri guda yake fitowa: mutum ya zo da lissafin Firimiya a kansa, yana so sinuka ta bi shi.

To babu lig a nan. Kakar ƙwararru tana farawa a watan Yuni ko Yuli, ta ƙare a farkon Mayu a ɗakin wasan Crucible da ke Sheffield, inda ake buga gasar duniya. Tsakanin nan gasanni ne daban-daban, kowace da kofinta da kuɗinta: wasu a Ingila, wata a Belfast, wata a Berlin, wata a Saudiyya, da dama a biranen China irin su Wuhan da Xi'an da Shanghai. World Snooker Tour ke shirya su, hukumar WPBSA kuma ke riƙe da dokoki da ladabtarwa. 'Yan wasan da ke da katin ƙwararru kusan 128 ne. Manyan kofuna uku su ne UK Championship a York wajen ƙarshen Nuwamba, Masters a Landan cikin Janairu, sai gasar duniya.

Babban kuskure shi ne ɗaukar jerin matsayin duniya a matsayin sakamakon bana. Ba shi ba ne. Tun kakar 2014 zuwa 2015 kuɗin da ɗan wasa ya ci ake tarawa, fam ɗaya maki ɗaya, kuma na shekara biyu ake lissafawa. Kamar rumbu ne da ake zuba sabon hatsi ta sama ana ɗibar tsoho ta ƙasa: duk gasar da aka gama, kuɗinta ya shiga, na shekara biyu baya kuma ya fita. Saboda haka mutum zai iya kai wasan kusa da na ƙarshe yau, gobe ya tashi ya ga ya sauka, domin a irin wannan lokacin shekara biyu da suka wuce kofin ya ɗauka.

Ku dubi Luca Brecel ɗan Beljiyam. A Mayun 2023 ya doke Mark Selby a wasan ƙarshe na gasar duniya da firem 18 da 15 (firem shi ne bugu ɗaya, daga jera ƙwallaye har a samu wanda ya ci), ya karɓi fam 500,000, ya hau na biyu a duniya. Kakanni biyu suka wuce bai sake cin gasar matsayi, wato wadda kuɗinta ke shiga jerin, ko ɗaya ba, amma wancan kuɗin yana riƙe da shi cikin 16 na sama. Masu kallon jerin kawai suna ta cewa ai har yanzu yana cikin manya. A 2025 ya kai zagayen 'yan takwas a Crucible, Judd Trump ya fitar da shi, kuma ana gama gasar rabin miliyan ɗin nan ya fita daga lissafinsa, ya rikito can ƙasa nesa da 16. Wanda ya san tsarin ya hango faɗuwar tun watanni kafin ta zo. Ni abin da nake yi, kafin kowace gasa nakan buɗe sakamakon irinta ta shekara biyu baya, in rubuta sunayen huɗun ƙarshe a littafina. Su ne masu kare kuɗi, su ne masu wasa da nauyi a ka. Wasu sun fi son su jira jerin hasashe da ake wallafawa, ni dai na fi gane abin da na rubuta da hannuna.

Na biyu shi ne ya taɓa ƙona ni, shi ya sa ba na yi masa da sauƙi. Ba kowane kuɗi ne ke shiga lissafi ba. Farkon shigata harkar na tsaya a gaban jama'a a majalisa na rantse cewa wanda ya ci Masters zai haura a jerin, har na yi wa wani dattijo da ya fi ni sanin wasan gardama da ɗaga murya. Jerin ya fito babu abin da ya canza. Na je har gida na ba shi haƙuri, amma an daɗe kafin mutanen wurin su sake ɗaukar maganata da nauyi.

Masters gasar gayyata ce. Mutum 16 kawai ake kira, ana buga ta a Alexandra Palace, kuma duk girmanta ba ta ba da maki ko ɗaya. A Janairun 2025 Shaun Murphy ya doke Kyren Wilson 10 da 7, ya tafi da fam 350,000, amma a jerin duniya ko sisi bai shigar masa ba. Haka Champion of Champions, haka Shanghai Masters tun da aka mai da ita ta gayyata a 2018. Kada kuma ku yanke hukunci da suna. German Masters ta Berlin gasar matsayi ce. Saudi Arabia Masters ma haka: fam 500,000 da Trump ya ci a Riyad a 2024, bayan ya doke Mark Williams 10 da 9, ya shiga lissafinsa cif, daidai da na zakaran duniya. Dalilin bambancin a fili yake. Gasar da aka rufe wa mafi yawan 'yan wasa ƙofa, in aka ce kuɗinta ya shiga, na sama ne za su ta ƙara nisa, na ƙasa kuma ba su da hanyar kamo su. Akwai ma wani abin da mutane ba su lura da shi: a Crucible, ɗan 16 na sama da aka fitar a wasansa na farko yana karɓar fam 20,000 a aljihu, amma ba a rubuta masa shi a maki. Don Allah, kafin ka buɗe baki a gaban mutane, ka duba jadawalin kakar ka ga ko gasar ta matsayi ce ko ta gayyata. Aikin minti ɗaya ne.

Jerin kuma ba ɗaya ba ne. Akwai na shekara ɗaya, wanda kowa ke farawa daga sifiri a farkon kaka. Da shi ake zaɓen mutum 32 na World Grand Prix, da 16 na Players Championship, da 12 na Tour Championship, wadda kafin 2024 mutum takwas take ɗauka. In ka ga babban ɗan wasa babu shi a waɗannan, ba ciwo ba ne, ba kuma an hana shi ba ne. Bana ce ba ta yi masa kyau ba. In kana son sanin wa ke tashe yanzu, wannan jerin za ka duba.

Yanzu bari in yi faɗa. Ku da ba ku san da sinuka ba sai ranar da aka buɗe Crucible, kuna cutar kanku, kuna kuma raina mutanen da suka fi kowa shan wahala. Mutum 32 ke shiga ɗakin nan. Rabinsu, wato 16 na sama bayan Tour Championship, kai tsaye suke wucewa. Sauran rabin sai sun bi ta wasannin share fage a English Institute of Sport, nan cikin Sheffield, inda teburori ke jere da allon raba su, 'yan kallo ƙalilan, ba ka jin komai sai ƙarar ƙwallo da muryar alƙalin wasa yana ƙirga maki. A nan Neil Robertson, zakaran duniya na 2010, ya faɗi a hannun Jamie Jones 10 da 9 a 2024, bai je Crucible ba. A 2024 ɗin dai Jak Jones daga share fage ya taso har wasan ƙarshe. Zhao Xintong kuwa a 2025, da ya dawo daga dakatarwa ba shi da katin ƙwararru a hannu, daga zagayen farko ya fara, ya ci wasa huɗu kafin ya taka Crucible, sannan ya doke Williams 18 da 12 ya zama ɗan Asiya na farko da ya ci kofin. Ta yaya za ka ce ka bi labarin Zhao alhali rabinsa ya wuce kana barci?

Kuma a wurin share fagen nan ake yanke wa mutane abincinsu. Kati na shekara biyu ne. In wa'adinsa ya cika ba ka cikin 64 na sama, ka sauka, sai 'yan kaɗan da jerin shekara ɗaya ke ceta. Wanda ya sauka sai ya biya kuɗi ya shiga Q School, gasar neman kati wadda aka fara a 2011, ya fafata da masu neman shiga, ko ya koma Q Tour, gasannin waɗanda ba su da kati. Ɗan wasa na 66 da ke neman firem ɗaya ya tsira, hannunsa na rawa a kan sanda, ya fi mini wasu wasannin ƙarshe ɗaukar hankali. Mu 'yan Afirka ma ƙofarmu ta nan ƙasa take: Amine Amiri ɗan Maroko ya samu kati bayan ya ci zinare a Wasannin Afirka na 2019, Mohamed Ibrahim ɗan Masar kuma ta gasar zakarun nahiyar a 2022.

Sauran ƙanana ne. Mai riƙe da kofin duniya shi ake ba lamba ɗaya cikin 16 da ke wucewa kai tsaye Crucible, ko da ya sauka a jeri. Haka Ronnie O'Sullivan ya shiga a 2013 bayan ya yi kusan kaka guda bai buga ba, ya kuma sake cin kofin. Share fagen gasannin China sau da yawa a Ingila ake yin sa makonni kafin tafiya, saboda haka kada ka nemi wanda aka riga aka fitar. Gasar Shoot Out, kowane wasanta firem ɗaya ne na minti goma, amma tun 2017 tana ba da maki. Teburin da ke bakin titi a unguwanninmu mai ƙwallaye masu lamba, wani wasan ne daban. Na ƙwararrun sinuka ƙafa 12 ne, da jajaye 15.

Wasan ƙarshe na duniya kwana biyu ne, zama huɗu, wanda ya fara kai firem 18 ya ci. Wani ƙanena ya sayi man janareta ya tara abokai daren Lahadi a 2025 don su ga an ɗaga kofi, aka tashi Zhao na da 11 Williams na da 6, sai Litinin. A gyara agogo ma: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacin Birtaniya ɗaya ne da na Najeriya da Nijar, sauran watannin mun riga su da awa ɗaya, don haka wasan Masters na ƙarfe 7 na dare ƙarfe 8 ne a Kano. China kuwa ta riga mu da awa bakwai. Zaman ƙarfe 2 na rana a Wuhan, ƙarfe 7 na safe ne a nan.