Yadda Ake Shirya Daren Karrama Marubutan Waƙoƙin Soul, Funk da Disko

A wajenmu wanda ya rera waƙa shi ne mai ita. Shata shi ke tsara abinsa ya rera, haka Ɗanƙwairo. Shi ya sa in muka ji muryar Diana Ross ko Marvin Gaye sai mu ba su yabon gaba ɗaya. To amma a Amurka ta shekarun 1960 da 1970 aikin rabe yake. Akwai masu zama a ƙaramin ɗaki da fiyano suna ƙera waƙa, akwai masu fitowa gaban jama'a su rera. Waɗancan na ɗaki su nake so ka shirya wa dare guda, kai da abokanka masu son tsofaffin kiɗe-kiɗe.

Abu na farko, zaɓi marubuci, kada ka zaɓi mawaƙi. Nan ne dare ke gyaruwa ko ya lalace. In ka ce yau daren Supremes ne, murya ɗaya za a yi ta ji. In kuwa ka ce daren Brian Holland da Lamont Dozier da Eddie Holland ne, sai ka ɗora "Where Did Our Love Go" ta Supremes ta 1964, ka bi ta da "Reach Out I'll Be There" ta Four Tops ta 1966. Waccan 'yan mata ne masu siririyar murya, wannan ƙato ne ke kururuwa, amma kunne zai gane hannu ɗaya ne ya ɗinka su: amshi mai saurin kama baki, baitin baƙin ciki a kan kiɗan da ke ta da mutum rawa. Su ukun nan a lokacin ma'aikata ne a Motown, kamfanin da Berry Gordy ya kafa a Detroit a 1959. Marubuta biyu ko uku sun ishi dare guda. Fiye da haka ya zama kwaramniya.

Sai neman sunayen. In kana da faifan garmaho na gado, duba takardar da ke manne a tsakiyarsa. A ƙarƙashin sunan waƙar akwai wasu sunaye da ƙananan haruffa cikin baka, galibi sunan mahaifi kaɗai. Su ne marubutan. In ba faifai, manhajar Spotify na nuna su a sashen bayanin waƙa, shafin Discogs kuma na ɗauke da hotunan takardun faifan na asali. Rubuta su da hannunka: waƙa, shekara, marubuci, mawaƙi.

Mataki na uku shi na fi so, kuma a kansa zan daɗe. Nemo waƙa ɗaya da mutum biyu suka rera, ka sa su a jere. Norman Whitfield da Barrett Strong suka rubuta "I Heard It Through the Grapevine". Gladys Knight ta fitar da ita a 1967 da gudu da zafi, kamar macen da ta zo neman ba'asi. A 1968 ta Marvin Gaye ta fito, a hankali, da nauyi, ta mutumin da zargi ke ci a ciki. Labari ɗaya ne, mai ji a bakin mutane cewa masoyinsa zai bar shi, amma waƙar ta ɗauki fushin da kuma tsoron ba ta karye ba. Wannan ƙarfin ginin marubuci ne. Ka yi haka da "Respect". Otis Redding ya rubuta ta, ya rera a 1965 a kamfanin Stax na Memphis, magidanci ne ke neman a mutunta shi in ya dawo gida. Aretha Franklin ta karɓe ta a 1967, ta ƙara nata amshin tare da 'yan'uwanta mata, ta juya ta ta zama muryar mace, har ta zama waƙar masu fafutukar 'yancin baƙar fata. A nan ka bar baƙinka su yi gardama a kan wa ya fi cancantar yabo. Kada ka raba musu.

Wajen jerawa, bi shekaru. Soul da fari lokacin da mutane ke zaune suna shan shayi, sai funk, disko a ƙarshe in jiki ya yi ɗumi. Gadar da ke tsakani kuwa "Soul Man" ce ta Sam & Dave, wadda Isaac Hayes da David Porter suka rubuta a 1967, sannan "Cold Sweat" ta James Brown a shekarar nan dai. Ka ambaci Pee Wee Ellis, mai busa da ya tsara ta tare da Brown. Kafin ka sa ta, ce wa jama'a su ƙirga ɗaya zuwa huɗu da tafi, su lura duk nauyin kiɗan a kan bugu na farko yake sauka. Asirin funk ke nan. Brown ya zo Najeriya a 1970, makaɗansa har da Bootsy Collins sun je kulob ɗin Fela a Legas sun ji Tony Allen na buga ganga.

Daga nan ka gangara Philadelphia, wurin Kenny Gamble da Leon Huff, masu "Love Train" ta O'Jays ta 1972. Goge da ƙaho da yawa, ganga mai tafiya santsi, daga nan disko ta samo ƙafa. Sai Nile Rodgers da Bernard Edwards na ƙungiyar Chic. Su suka rubuta "We Are Family" ta Sister Sledge a 1979 da "Upside Down" ta Diana Ross a 1980. Sa "Good Times" ta Chic ta 1979, ka bi ta da farkon "Rapper's Delight" ta Sugarhill Gang. Kiɗan jitar bes iri ɗaya ne sak, kuma sai da Rodgers da Edwards suka tashi neman haƙƙinsu aka sa sunansu a faifan. Matasan da ke wurin za su gane daga ina kiɗan da suke ji a yau ya taso.

Kada matan su faɗi a lissafinka. Valerie Simpson da Nickolas Ashford, wanda daga baya ya zama mijinta, su suka rubuta "Ain't No Mountain High Enough" da "I'm Every Woman". Sylvia Moy na cikin marubutan "Uptight" ta Stevie Wonder. Allee Willis ta sa hannu a "September" ta Earth, Wind & Fire a 1978. Akwai kuma Rod Temperton, Bature daga wani ƙaramin garin bakin teku a Ingila mai suna Cleethorpes, wanda ya rubuta wa Michael Jackson "Rock with You" da "Thriller". Ya rasu a 2016, kuma da yawa cikin masu rawa da waƙoƙinsa ba su taɓa ganin ko hotonsa ba.

Game da kayan sauti, kada ka dogara da lasifikar waya. Rabin daɗin kiɗan nan a jitar bes yake, ƙaramar lasifika kuwa haɗiye ta take yi. Aro babba mai fitar da gumza, ka yi cajinta tun da rana, ka sauke waƙoƙin a waya tun kafin baƙi su iso. Ka sanar da maƙwabta, ka kuma tsaida lokacin tashi.

Bayaninka kafin kowace waƙa kada ya wuce minti ɗaya: wa ya rubuta, wace shekara, me za a saurara. In waƙa ta fara, yi shiru har ta ƙare.

Ka ware waƙa guda don makaɗan da takardar faifai ta manta da su. James Jamerson ya buga bes a tarin waƙoƙin Motown shekara da shekaru, ba a saba buga sunan makaɗa ba sai a kundin "What's Going On" na Marvin Gaye na 1971. Clyde Stubblefield ya buga gangar "Funky Drummer" ta James Brown, mawaƙan gambarar zamani suka yi ta yankar wannan bugun suna sawa a nasu, shi kuwa ba sunansa cikin marubuta, don haka kuɗin bai bi ta hannunsa ba. Sa waƙar, ka kira sunansa da ƙarfi, in an iso inda sauran makaɗa ke tsayawa a bar shi shi kaɗai, ka ƙara sauti.