Kurakuran da muke yi a gidan makoki, mu masu bi

Satin da ya wuce na je gaisuwa a Narayi, gidan wata 'yar'uwarmu ta Zumuntar Mata da maigidanta ya rasu. Tana zaune a kan tabarma, ɗankwali ya zame, hawaye na zuba, sai ga wata yarinya daga ƙungiyar mawaƙa ta durƙusa ta ce, "Mama, ki daina kuka mana, ai ke mai bi ce. Baba yana wurin Yesu." Na ga matar ta haɗiye kukan kamar mai haɗiye ƙaya. Yarinyar ba da mugun nufi ta faɗa ba, abin da ta ji a bakin manya ne ta maimaita. Na gaji da ganin wannan, shi ya sa na ɗauki biro.

Hana kuka shi ne kuskuren da ya fi cuta ta. Da baban yarana ya rasu, kowa ya shigo sai ya ce, "Mama, ki ƙarfafa, yara suna kallonki." Na kuwa ƙarfafa. Muka kai shi gida wajen Kagoro, aka yi biso, ɗigon hawaye ban yi ba, har ni na ɗaga waƙa a bakin kabari. Aka yi ta yabo na, wai ga mace mai bangaskiya. Bayan wata biyar ina kasuwar Sabon Tasha, na miƙa hannu zan ɗauki busasshen kifin da yake so a miyar kuka, sai na tuna babu mai ci. A nan gaban tire na zube, masu kifi suka riƙe ni. Daga nan barci ya ƙaura, hawan jini ya shigo. Abin da ya fi min ciwo shi ne autana: da ya ga uwarsa ba ta kuka, sai ya ɗauka kuka zunubi ne, ya daina ambaton babansa gaba ɗaya, aka fi shekara kafin ya buɗe baki.

Ayar da ake kafa hujja da ita, 1 Tasalonikawa 4:13, ku koma ku karanta ta a natse. Abin da Bulus ya hana shi ne baƙin ciki irin na marasa bege, baƙin cikin kansa bai hana ba. Yesu ya tsaya a Betanya, Li'azaru ya kwana huɗu a kabari, ya kuma san yanzun nan zai tashe shi, duk da haka ya yi kuka (Yohanna 11:35). Isra'ilawa kwana 30 suka yi suna makokin Musa. Waɗanda suka binne Istifanus, masu tsoron Allah aka kira su, kuma makoki mai zafi suka yi. To ke wace ce da za ki fi su bangaskiya? Ni yanzu in na shiga gidan rasuwa, zama nake yi kusa da mai makoki in ce, "Yi kukanki, 'yar'uwa, ina nan." In ta nemi karatu, nakan fara da Zabura 88, wadda take ƙarewa cikin duhu ba tare da an lallashi kowa ba. Zabura 23 sai daga baya. Wasu dattawa ba su yarda da ni a kan wannan ba, amma ni Zabura 88 ɗin ce ta riƙe ni a dararen da na kasa addu'a.

Na biyu, kuma a nan zan yi faɗa: neman wanda ya "ci" mamaci. Mutum ya yi jinyar hanta wata da watanni, likita ya faɗi abin da ke damunsa, takardu suna nan a cikin jaka, amma kafin a rufe kabari an fara raɗe-raɗi a bayan rumfa. Ni ma na faɗa wannan rami. Wata ta ja ni gidan addu'a, aka ce an ga hannun yayar mijina a mutuwarsa. Matar da ta kwana da ni a asibiti, tana wanke masa kaya! Shekara biyu ban gaishe ta ba, na hana yara zuwa gidanta. Ranar da na je neman gafara, kallona ta yi kawai ta ce, "Ƙanena ne fa, ni na goya shi." Har yau in na tuna, kunya nake ji. Wallahi wanda ya zo maki da "an nuna mini" a lokacin makoki, ki ba shi ruwa ya sha, ki raka shi ƙofa. Da aka zo wa Yesu da irin wannan tunani, ya kawo zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Abokan Ayuba kwana 7 suka zauna a ƙasa tare da shi, ba wanda ya ce uffan, kuma wannan ne kaɗai abin kirkin da suka yi. Da suka fara bayyana dalilin masifarsa, ƙarshenta Allah ne da kansa ya tsawata masu.

Sai bashin biso. Maƙwabtanmu Musulmi sukan binne nasu a ranar, mu kuwa gawa sai ta yi sati uku a mutuware ana jiran anko, rumfa, kujeru, sa, da motocin kai mutane ƙauye. A ci, a sha, a watse, zangon makaranta ya zo babu kuɗin yara. Girmama mamaci daidai ne, amma Yaƙub 1:27 marayu da gwauraye ya ce a kula da su, bai ambaci anko ba. Ni in aka kawo gudummawa, nakan ba da shawara a ware kuɗin makaranta tukuna, abin da ya rage a yi hidima da shi.

Akwai ƙanana da ba sai na ja ba. Kada ka sa labarin rasuwa a Facebook kafin uwar mamaci ta ji. Hoton gawa ba abin yaɗawa a WhatsApp ba ne. Kada ki sa mai makoki ta ba da labarin yadda ya cika sau ashirin a wuni ɗaya. "Da sauran ƙuruciyarki, za ki sake aure" ba ta'aziyya ba ce. Fasto, da girmamawa, wa'azin awa guda a rana tsaka a bakin kabari babu mai jin sa. Dangin miji kuma, makullin ɗaki da takardun fili su jira.

Wanda kusan dukanmu muke yi shi ne ɓacewa. Da an yi sujadar godiya ranar Lahadi, shi ke nan, an sauke nauyi. Alhali a lokacin ne gidan yake yin shiru, a kwashe kujerun haya, matar mamaci ta buɗe ɗaki ta tarar da takalminsa a inda ya cire shi. A bayan littafin waƙoƙina nake rubuta sunan duk wanda muka binne da ranar rasuwarsa. In an shiga sati na uku sai in koma gidan, in sake komawa kafin Kirsimeti, da kuma ranar da shekara ta zagayo. Ba na zuwa da wa'azi. Nakan ambaci sunan mamacin da gangan, in tuna wani abin dariya da ya taɓa yi, domin masu makoki suna ƙishin jin sunan nasu a bakin wani. Ita 'yar'uwar tamu ta Narayi, na riga na rubuta ranarta. Alhamis ta sama zan dama kunun gyaɗa in tafi da shi, in na tarar da wanke-wanke in yi.